Yadda Aka Yi Da Bashin Kulob Ɗin Paris

Duk wanda ya yi kasuwanci a Mile 12 ko Sabon Ibadan a shekarun 1980 ba sai an yi masa bayanin bashin ƙasa ba, don a aljihunsa ya ji shi. Yaranmu kuwa kullum suna jin "ana bin Najeriya bashi", ba su san mun taɓa shiga wannan ramin har muka fito ba.

Abin ya faro ne lokacin da kuɗin mai ke shigowa kamar ba za su ƙare ba. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ciwo dala biliyan 1 daga bankunan waje. Zamanin Shagari jihohi ma suka shiga cin bashi, ana shigo da shinkafa da siminti ba lissafi. Da farashin mai ya faɗi, a 1982 aka kawo matakan tsuke bakin aljihu, muka koma bin layin madara da sabulu.

Buhari ya ƙi sharuɗɗan Asusun Lamuni na Duniya, wato IMF, musamman karya darajar naira da cire tallafin mai. Babangida ya zo ya ce jama'a su yi muhawara. Jama'a suka ce ba sa son rancen, shi ma a ƙarshen 1985 ya sanar cewa ba za a karɓa ba. Sai ga shi a 1986 ya fito da SAP, sharuɗɗan nan dai cikin wata riga. An ƙi kuɗin, an ɗauki wahalar. Naira da ke kusan kai ɗaya da dala ta wayi gari sai ka ba da sama da 4 kafin ka sami dala 1. Masu sarin kaya a cikinmu da yawa jarinsu bai sake tashi ba.

Abin da ya fi ciwo shi ne yadda bashin ya kumbura. Kulob ɗin Paris, ƙungiyar gwamnatocin da ke bin mu irin su Ingila da Faransa da Jamus da Japan, ya ɗage mana lokacin biya a 1986 da 1989 da 1991, amma ɗagewa ba yafewa ba ce. Zamanin Abacha ba a cika biya ba, sai kuɗin ruwa da tarar jinkiri suka yi ta hawa kan juna. Zuwa ƙarshen 2004 bashin waje ya kai kusan dala biliyan 36, wajen biliyan 30 na kulob ɗin ne, kuma kaso mai yawa ba sabon rance ba ne, ruwa ne da tara. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa faɗawa hannun mai ba da kuɗi da ruwa ya san wannan lissafin.

Obasanjo ya shekara da shekaru yana yawon roƙo a Turai, ana ce masa ƙasa mai arzikin mai ba ta cancanci yafiya ba. Abin ya juya ne bayan Ngozi Okonjo-Iweala ta zama ministar kuɗi a 2003, ga Mansur Muhtar, ɗan Kano, a ofishin kula da basussuka. Suka daidaita alƙaluma, aka tara rarar kuɗin mai a asusu na daban. A Maris 2005 Majalisar Wakilai ta nemi a daina biyan bashin kwata-kwata. A ganinmu wannan barazanar, haɗe da tsabar kuɗin da ke hannu, ta fi duk wani roƙo tasiri. Mai bin bashi ya ga gara ya karɓi rabi yau da ya rasa duka gobe.

A Oktoba 2005 aka sa hannu a Paris. Aka yafe dala biliyan 18, Najeriya ta biya biliyan 12.4, kashi na ƙarshe a Afrilu 2006. Wasu sun soki abin, suna cewa ƙasar da asibitocinta ba magani bai kamata ta miƙa wa masu arziki irin wannan kuɗi cikin 'yan watanni ba. Suna da hujja, sai dai barin bashin yana ci gaba da haihuwa ya fi tsada.

Yau bashin waje ya haura dala biliyan 40, ya wuce inda yake kafin yafiyar. Wannan karon galibinsa na Bankin Duniya ne da masu sayen takardun lamuni a kasuwannin Turai, sai China, kuma masu takardun nan ba su da wani zaure a Paris da za a je a zauna da su.