Roosevelt da Harin Pearl Harbor: Asalin Wata Doguwar Gardama

Da safiyar Lahadi, 7 ga Disamba, 1941, jiragen saman Japan suka far wa sansanin sojin ruwan Amurka da ke Pearl Harbor a Hawaii, suka kashe Amurkawa 2,403. Washegari majalisar dokoki ta amince da shelar yaƙi, in ban da 'yar majalisa ɗaya tak, Jeannette Rankin. Sai dai tun ba a gama yaƙin ba wasu suka fara tambaya: shammatar Shugaba Franklin Roosevelt aka yi, ko kuwa da saninsa?

Wannan zargi yana da tushe tun kafin harin. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Amurkawa da yawa sun yi da-na-sanin shigarsa. Daga 1934 zuwa 1936, kwamitin Sanata Gerald Nye ya binciki rawar da masu ƙera makamai da bankuna suka taka wajen jan ƙasar zuwa fagen daga, majalisa kuma ta kafa dokokin hana shiga rikicin wasu. A cikin wannan yanayi ne Roosevelt, yana neman wa'adi na uku a 1940, ya yi wa iyaye alkawari a Boston cewa ba za a tura 'ya'yansu yaƙin ƙetare ba.

Amma ayyukansa sun nuna wata alƙibla daban. Ya ba Birtaniya tsofaffin jiragen ruwan yaƙi 50, sannan a Maris 1941 ya sa hannu kan dokar ba ƙawaye aron makamai. A Yuli, bayan Japan ta shiga kudancin Indochina, ya ƙulle kadarorinta, aka daina sayar mata da man fetur, alhali mafi yawan man da take amfani da shi daga Amurka yake zuwa. Ranar 26 ga Nuwamba, sakataren harkokin waje Cordell Hull ya miƙa wa Japan takardar neman ta fice daga Sin baki ɗaya. Kwana ɗaya kafin haka, sakataren yaƙi Henry Stimson ya rubuta a kundinsa cewa an tattauna yadda za a sa Japan ta zama ita ce mai fara harbi.

Binciken kwamitin Roberts a 1942 ya ɗora laifin sakaci kan kwamandojin Hawaii biyu, Husband Kimmel da Walter Short. Masu adawa da shugaban suka ce kura ce ta ci nama aka kama kare. Ɗan jarida John T. Flynn ya fitar da ƙasidar zargi a 1944. Da kwamitin majalisa ya kammala nasa binciken a 1946, masu rinjaye suka wanke Roosevelt, sanatocin jam'iyyar Republican biyu kuwa suka ɗora masa alhaki. A 1948 fitaccen masanin tarihi Charles Beard ya zarge shi da yaudarar jama'a, a 1952 kuma Charles Tansill ya ce ta ƙofar baya ya shiga yaƙi: Jamus yake nema, sai ya tsokano Japan.

Babbar hujjar masu zargin ita ce, tun 1940 Amurka take karanta saƙonnin sirri na jakadun Japan. Roberta Wohlstetter ta ba da amsa a littafinta na 1962: alamun harin sun nutse cikin tarin rahotanni masu karo da juna, kuma hankalin jami'ai ya fi karkata ga Filifin da kudu maso gabashin Asiya. Saƙonnin jakadun ba su ce Pearl Harbor za a kai wa hari ba. Ga kuma wani giɓi a batun ƙofar baya: yarjejeniyar Jamus da Japan ba ta wajabta wa Hitler shiga ba idan Japan ce ta fara, shi ya zaɓi shelanta yaƙi ranar 11 ga Disamba.

Gardamar ba ta mutu ba. Marubuci John Toland ya farfaɗo da ita a 1982, Robert Stinnett ya biyo baya a ƙarshen ƙarnin, Majalisar Dattawa ma ta nemi a wanke Kimmel da Short a 1999.

Abin da ya tsawaita ta shi ne cakuɗa tambayoyi biyu. Cewa Roosevelt ya ga yaƙi da Hitler ba makawa, ya kuma tura ƙasarsa wajensa fiye da yadda yake faɗa wa masu zaɓe, wannan masana da yawa sun yarda da shi. Cewa ya san rana da wurin harin ya yi shiru, yawancinsu sun ƙi, domin takardun da aka buɗe ba su tabbatar da hakan ba. Rashin fayyace gaskiya a batu na farko ne ya sa har yau ake samun masu gaskata na biyu.