Toshewar Hanji: Ma'aunin Zaɓi Tsakanin Laparoskofi da Buɗe Ciki

Tsakure

Maƙalar ta duba hujjojin da likitocin fiɗa ke dogaro da su wajen zaɓar laparoskofi, wato aiki ta ƙananan huji da kyamara, ko kuwa buɗe ciki, ga mai toshewar ƙaramin hanji. Matsayarta ita ce musabbabin toshewar da halin da hanjin ke ciki su ne ke yanke hukunci, samuwar na'ura tana biye.

Hujjojin Bincike

A Turai da Amurka, mafi yawan toshewar ƙaramin hanji daga zaruruwan tabo take, waɗanda fiɗar da aka yi a baya ke bari a ciki. Ƙa'idojin Bologna, bugun 2018, sun yarda a jinkirta aiki har awa 72, ana ƙarin ruwa ana zuƙe ciki da robar hanci, matuƙar babu alamar hanji ya shaƙe ko ya fara mutuwa.

Idan aiki ya wajaba, babbar madogara ita ce gwajin LASSO da Sallinen da abokansa suka gudanar a Finland da Italiya, aka wallafa a 2019. A cikin majinyata 100, waɗanda aka yi wa laparoskofi sun riga waɗanda aka buɗe wa ciki barin asibiti da kimanin kwana 1.3. Sai dai a lura da waɗanda aka ɗiba: mutanen da hoton siti ya nuna alamar zare guda ne ya maƙure hanjinsu. Datse zare guda aiki ne mai sauƙi. Cikin da aka buɗe sau uku, hanji ya manne ko'ina, lamarinsa daban ne, kuma gwajin bai yi magana a kansa ba. Binciken Behman a Ontario ta Kanada, 2017, ya ƙara jan kunne, domin ya samu gyara ko yanke hanji ya fi yawa a ɓangaren laparoskofi.

Dalilin a fili yake. Kumburarren hanji bangonsa ya yi siriri, ya kuma cike filin da kyamara ke buƙata; ƙarfe kan huda shi ba a ankara ba, sai bayan kwanaki ciki ya ruɓe. Shi ya sa faɗin hanji da ya haura santimita 4 ke sa likita taka-tsantsan. Iskar da ake hura ciki da ita ma tana takura zuciya da huhu, wanda jininsa ya faɗi ba zai jure ba. Komawa buɗe ciki ana tsakiyar aiki hukunci ne na hankali, bai kamata a lissafa shi a gazawa ba.

A Afirka ta Yamma, inda ƙabar da ta maƙale da murɗewar babban hanji ke da kaso mai yawa, kuma majinyata kan iso a makare, sharuɗɗan LASSO ba su cika cika ba, don haka buɗe ciki ne ya fi dacewa da yawancinsu.