Rajistar Aro da Haddin Tajassusi: Raddi ga Masu Hujja da Saddu Zara'i

Akwai wani ra'ayi da ya sami karɓuwa wurin wasu abokan aikinmu tun bayan fitinar da ta addabi maƙwabtanmu na Yobe da Barno, wato cewa babu laifi jami'an tsaron farin kaya su riƙa duba rajistar masu aron littattafai a ɗakunan karatu, ko su tambayi mai shago wa ya sayi littafi kaza, domin a faɗarsu wanda bai ƙulla sharri ba ba ya tsoron a san abin da yake karantawa. Tarihin tuhumar makaranci a ƙasar nan sananne ne: bayan waƙi'ar Satiru da shahadar Sarkin Haɗejiya Muhammadu a 1906, Turawa sun sa ido a kan alhazai da wasiƙu da littattafan da ke shigowa daga gabas, har suka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu a 1923, kuma rahoton Tomlinson da Lethem na 1927 ya isa shaida. Masu wancan ra'ayi ba su musa wannan ba, sai dai suna cewa waccan hukumar baƙi ce, wannan kuwa tamu ce, sa'annan su jingina da ƙa'idar Malikiyya ta saddu zara'i, wato toshe kafar ɓarna tun kafin ta auku.

A nan ne nake ganin ƙiyasin nasu ya sami tasgaro, domin malaman usulu sun shardanta cewa kafar da za a toshe ta zamo tana kaiwa ga ɓarna a galibin lokaci, alhali kuwa karatun littafi, ko da littafin bidi'a ne, galibinsa ga sani yake kaiwa, sau da yawa ma ga raddi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da kansa ya kwafe wasiƙun Shehu Laminu na Barno a cikin Infaƙul Maisuri, tare da cewa suka ce ga jihadin mahaifinsa, don ya warware su ɗaya bayan ɗaya. Kuma a zamaninmu, malaman da suka fi kowa tsananta raddi ga aƙidar Muhammadu Yusuf, jagoran waccan fitina, irin su Shaihu Ja'afar Mahmud Adam da Shaihu Albani Zariya, ba su iya yin haka ba sai da suka san hujjojinsa ciki da bai. Da a ce an tara sunayen masu bibiyar maganganunsa a lokacin, lalle da sunayen waɗannan bayin Allah suna sahun gaba, domin rajista tana rubuta wanda ya ɗauki littafi ne kawai, niyya kuwa ba ta hawa takarda. Wanda ya ja taru ya kwashe tafki ɗungurungum don neman kifi guda, masuntan fadamar Haɗejiya sun san abin da zai tarar a tafkin baɗi.

Amma babban abokin jayayyata a wannan mas'ala yana da jawabin da bai kamata a raina ba. Yakan ce Mawardi kansa, wanda ya hana muhtasibi tajassusi a cikin Ahkamus Sulɗaniyya, ya yi togaciya inda amintacce ya kawo labarin ana shirin kisan kai, to ina ga shirin kashe jama'a a kasuwa? Wannan gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce rajistar aro harami ce da ba a taɓa ta ba. Da'awata ta taƙaita ga wannan: togaciyar Mawardi tana da mutum ayyananne, da mai ba da labari amintacce, da ɓarnar da ba ta gyaruwa in ta wuce, saboda haka abin da ta halatta shi ne alƙali ya ba da izinin duba bayanin mutum guda a kan tuhuma guda. Neman jerin duk wanda ya taɓa wani littafi, wato a fara daga littafi a gangaro kan mutane, bai shiga ƙarƙashinta ba ko kusa, a iyakar fahimtata.

Dokokinmu kuwa, da alama, sun bar ƙofar a buɗe. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gida da wasiƙa da zancen waya, bai ambaci karatu ba; dokar kare bayanai ta 2023 ta yi togaciya ga sha'anin tsaro; dokar laifukan intanet ta 2015 ta wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan mu'amalar masu layi har shekara biyu. Tun da aka ɗaure layin waya da lambar ɗan ƙasa daga Disamban 2020, ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman ko na jami'ar Kafin Hausa da ke sauko da littafi a wayarsa yana barin sawun da kakansa mai sayen Ishiriniya a kasuwar Kurmi bai taɓa bari ba, kuma abin da nake jin tsoro, wanda ya fi kamu yawa, shi ne yaro mai shubuha a zuciya ya fasa neman littafin da zai warware masa ita don gudun kada a rubuta sunansa.

A Amurka, inda sashe na 215 na dokar Patriot ta 2001 ya tayar da ƙura, ma'aikatan ɗakunan karatu huɗu a Jihar Konetikat sun ƙi miƙa bayanan masu karatu a 2005 da aka neme su da takardar da ba alƙali ya sa mata hannu ba, kuma sai a 2006 aka ɗage musu takunkumin magana. Da yawa daga ɗakunan karatu a can sun koma goge sunan mai aro da zarar ya mayar da littafi. Wannan mataki bai fi ƙarfin hukumar ɗakunan karatu ta Jihar Jigawa ba, kuma mai binciken kuɗi da zai ce yana bukatar rajista, adadin littattafan da suka fita da waɗanda suka dawo ya ishe shi.