Sarki Marar Rawani: Ɗaukaka da Faɗuwar Charles Stewart Parnell

A ranar 6 ga Disamba, 1890, 'yan majalisa 45 suka miƙe daga kujerunsu a ɗakin taro mai lamba 15 na majalisar dokokin Birtaniya, suka fice suka bar shugabansu da mutanen da ba su kai talatin ba. Shugaban nan shi ne Charles Stewart Parnell, wanda shekara guda kafin wannan rana mutanen Ailan suke kira sarkinsu marar rawani. Wata goma bayan ficewar aka saka shi a kabari yana da shekara 45. Yawancin masu ba da labarinsa sukan taƙaita shi da cewa soyayya da matar aure ce ta kayar da shi. Ni kuwa ina ganin wannan rabin magana ne, domin manyan jam'iyyarsa da na gwamnati sun daɗe da sanin wannan soyayya, sun yi gum da bakinsu muddin yana da amfani a gare su.

Sai an san halin da Ailan take ciki kafin a gane girman mutumin. Tun 1801 aka rufe majalisar Dublin, aka mayar da wakilan tsibirin Landan, inda ba su wuce kashi ɗaya bisa shida na majalisa ba. Mafi yawan gonaki suna hannun tsirarun masu ƙasa 'yan Furotesta, manoma kuwa, waɗanda akasarinsu 'yan Katolika ne, haya suke biya, kuma mai gona yana iya korarsu duk ranar da ya bushi iska. Yunwar da ta fara a 1845, shekarar da cutar dankali ta ɓulla, ta ci rayukan mutum kusan miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka yi ƙaura. A tsakiyar wannan masifa aka haifi Parnell, a Avondale ta gundumar Wicklow, cikin Yunin 1846. Abin mamaki, daga gidan masu ƙasa ya fito, ɗan Furotesta ne, mahaifiyarsa Ba'amurkiya, ya kuma yi karatu a Jami'ar Cambridge ko da yake bai kammala ba. Ba shi da fasahar magana, ba ya sakin fuska, ba ya son cuɗanya. Duk wata siffa da ake nema ga jagoran talakawa, babu ita a tare da shi.

Abin da yake da shi shi ne taurin rai da sanin inda maƙogwaron abokin gaba yake. Da ya shiga majalisa a 1875 yana wakiltar Meath, ya tarar da jam'iyyar neman mulkin kai ƙarƙashin Isaac Butt tana roƙon Turawan Ingila cikin ladabi, su kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Sai ya haɗa kai da wani ɗan kasuwar Belfast, Joseph Biggar, suka ɗauki dabarar hana ruwa gudu: dogayen jawabai marasa kan gado, gyara a kan gyara, neman ɗage zama a kowace gaɓa. A farkon 1881 suka riƙe majalisa sa'a 41 ba tashi. Saƙon a fili yake: in ba za a saurari Ailan ba, to Ingila ma ba za ta yi nata aikin ba.

A waje kuma ya karɓi shugabancin ƙungiyar manoma da Michael Davitt ya kafa a Oktoban 1879, ya tafi Amurka ya tara kuɗi daga hannun 'yan Ailan da yunwa ta kora. A garin Ennis, cikin Satumbar 1880, ya ba manoma shawarar da ta shiga tarihi: duk wanda ya karɓi gonar da aka kori wani daga cikinta, kada a taɓa lafiyarsa, a dai ƙaurace masa a kasuwa da hanya da wurin ibada. Wanda aka fara gwada wannan makami a kansa wani wakilin mai ƙasa ne a gundumar Mayo, Kyaftin Charles Boycott, wanda sunansa ya zama kalmar ƙauracewa a harshen Ingilishi har yau. A wannan shekara ce aka zaɓi Parnell shugaban jam'iyya, kuma a cikinta ya haɗu da Katharine O'Shea, matar ɗaya daga cikin 'yan majalisarsa, Kyaftin William O'Shea.

Gwamnatin William Gladstone ta yi dokar gyaran haya a 1881, sannan ta jefa Parnell kurkukun Kilmainham a watan Oktoba. Tashin hankali ya ƙaru a karkara maimakon ya lafa, dole aka nemi sulhu da fursunan. Ɗaya daga cikin masu kai-da-kawo a wannan sulhu shi ne Kyaftin O'Shea da kansa, alhali matarsa ta haifa wa Parnell 'ya mace a Fabrairun 1882, wadda ta rasu tana jaririya. An sake shi a farkon Mayu. Kwanaki kaɗan bayan haka wasu 'yan ta-kife suka daddatsa sabon babban sakataren Ailan, Lord Frederick Cavendish, da mataimakinsa Thomas Burke da wuƙaƙe a dandalin Phoenix na Dublin. Parnell ya yi Allah wadai da kisan, ya kuma ci moriyar firgicin da ya biyo baya wajen janye jama'a daga hanyar makami zuwa hanyar akwatin zaɓe.

A nan ne, a ganina, babban aikinsa yake, kuma a nan ne ya haƙa ramin da ya rufta ciki daga baya. Ya gina jam'iyya irin wadda majalisar Landan ba ta taɓa gani ba. Kowane ɗan takara sai ya sa hannu kan alkawarin zama tare da jam'iyya da jefa ƙuri'a tare da ita, ko ya ajiye kujerarsa. Talakawan cikinsu daga asusun jam'iyya ake biyansu abin masarufi. Rassa suka bazu a ƙauyuka, kuma a wurare da dama limaman Katolika ne ginshiƙansu. A zaɓen 1885 jam'iyyar ta ci kujera 86, daidai tazarar da ke tsakanin 'yan Libaral masu 335 da 'yan mazan jiya masu 249. Wato ba mai kafa gwamnati sai da yardar Parnell. Gladstone ya rungumi manufar ba Ailan majalisarta, ya gabatar da ƙudurin a 1886. Ƙudurin ya faɗi da ƙuri'a 343 a kan 313, jam'iyyar Libaral ta dare gida biyu. Daga wannan rana makomar Ailan ta rataya a wuyan mutum biyu da jam'iyya biyu, kuma kowane ɓangare yana da malaman addini a bayansa waɗanda ba sa wasa da batun aure.

Alamar ɓaraka ta bayyana tun Fabrairun wannan shekara, lokacin da Parnell ya ƙaƙaba wa mutanen Galway Kyaftin O'Shea a zaɓen cike gurbi, mutumin da ya ƙi ɗaukar alkawarin da kowa ya ɗauka. Biggar da Tim Healy suka tafi garin suna adawa, suna kuma faɗin dalilin a kunnen duk mai son ji. Parnell ya zo da kansa, ya ce wanda ya ƙi O'Shea ya ƙi shi, kowa ya sunkuyar da kai. Ya yi nasara, amma ya koya wa mabiyansa cewa dokar jam'iyya ba ta hawa kan mai jam'iyya. Ga shi kuma yakan ɓace makonni ba wanda ya san inda yake, yana zaune da Katharine a Eltham.

Kafin guguwar da ta tafi da shi, wata ta zo ta wuce ta ƙara masa daraja. A Afrilun 1887 jaridar The Times ta buga wata wasiƙa da ta ce da hannunsa ya rubuta, tana nuna ya ji daɗin kisan Burke. A gaban hukumar bincike, cikin Fabrairun 1889, lauyansa Charles Russell ya sa wani ɗan jarida mai suna Richard Pigott ya rubuta wasu kalmomi, sai ga shi ya maimaita kuskuren rubutun da ke cikin wasiƙun jabun. Pigott ya amsa laifi, ya gudu Madrid, ya harbe kansa. 'Yan Libaral suka miƙe tsaye suka tafa wa Parnell a majalisa, birnin Edinburgh ya karrama shi, a Disamba kuma ya kwana a gidan Gladstone a Hawarden suna tsara yadda mulkin kan zai kasance. Kwanaki kaɗan bayan wannan ziyara, ranar jajibirin Kirsimeti, Kyaftin O'Shea ya shigar da ƙarar neman rabuwa da matarsa, ya ambaci sunan Parnell.

Me ya sa ya jira shekara tara? Amsar da ta fi kama hankali ita ce kuɗi. Katharine tana da wata tsohuwar gwaggo mai dukiya wadda take ɗauke da nauyin gidan, kuma da abin kunya ya fito tana raye, da gado ya suɓuce. Tsohuwar ta rasu a Mayun 1889, ta bar dukiyar ta hanyar da mijin ba zai taɓa ta ba. Daga nan haƙurin Kyaftin ya ƙare.

An saurari ƙarar a tsakiyar Nuwamban 1890, Parnell bai kare kansa ba. Wannan shiru ya jawo masa asara mai yawa, amma yana da dalili: da ya tabbatar wa kotu cewa mijin ya san komai ya kawar da kai, da dokar Ingila ta hana raba auren, shi kuwa aurenta yake so. Saboda haka ɓangare ɗaya kawai aka ji. Aka kawo labarin sunayen ƙarya da yake amfani da su, da na wata mai aiki da ta nuna cewa yakan sulale ta hanyar tserewa daga gobara in maigida ya ƙwanƙwasa ƙofa. Gaskiya ne ko ƙari, labarin ya zama abin dariya a gidajen wasa na Landan. Mutumin da kwarjininsa ne jarinsa ya koma abin ba'a, kuma abin da ya fi ciwo shi ne ya riga ya tabbatar wa Davitt cewa zai fita daga shari'ar ba tare da tabo ba.

Duk da haka Ailan ba ta juya masa baya nan take ba. A ranar 25 ga Nuwamba jam'iyyar ta sake zaɓensa. Ingila ce ta fara motsi. Masu wa'azin ƙananan majami'un Furotesta, waɗanda mabiyansu su ne ƙashin bayan ƙuri'un Libaral, suka ce ba za su yi tafiya da mazinaci ba. Gladstone ya rubuta wa John Morley cewa in Parnell ya ci gaba da shugabanci, nasa jagorancin ya zama ba shi da amfani, aka kuma miƙa wasiƙar ga 'yan jarida. Yanzu zaɓi ya zama tsirara: ko shugaba, ko ƙawancen da shi kaɗai ne zai kawo majalisar Dublin.

Mutane da dama sun ba shi shawarar ya ja gefe na ɗan lokaci, ya yi aurensa, ƙura ta lafa. Ina ganin da ya karɓa, da ya dawo, domin babu wanda ya kama ƙafarsa a cikinsu. Maimakon haka ya fitar da takarda zuwa ga al'ummar Ailan, ya tona abin da ya ce sun tattauna a Hawarden, ya zargi Gladstone da shirin ba su mulkin kai na jeka-na-yi-ka. Hujjarsa tana da ƙarfi ta wata fuska: jam'iyyar da Bature zai zaɓa mata shugaba ba ta da 'yancin da take nema wa ƙasa. Sai dai shi ne ya ƙulla wannan ƙawance, shi ne kuma ya yabi tattaunawar Hawarden a bainar jama'a a lokacin da aka yi ta. Ranar 3 ga Disamba bishop-bishop na Katolika suka bayyana cewa bai cancanci jagoranci ba. A ɗaki mai lamba 15 shi ne shugaban zaman da ake shari'arsa, ya yi amfani da dabarun nan na hana ruwa gudu a kan mutanensa har kusan mako guda. Da wani ya yi maganar wane ne uban gidan jam'iyya, Healy ya tambaya wace ce kuma farkar jam'iyya. Bayan wannan kalma babu sauran gyara, Justin McCarthy ya ja masu rinjaye suka fita.

Abin da ya biyo baya yaƙin basasa ne na baki da sanda. Parnell ya fasa ofishin jaridar jam'iyya a Dublin ya karɓe ta da ƙarfi. A zaɓen Kilkenny ta Arewa aka watsa masa farar ƙasa a ido, aka riƙa yi wa Katharine laƙabin wulaƙanci a dandali, limamai suna yaƙarsa daga kan mumbari. Ya faɗi a can, ya faɗi a Sligo ta Arewa, ya faɗi a Carlow. Mutumin da ya fitar da jama'a daga hanyar makami sai ga shi yana neman goyon bayan 'yan ta-kife, tun da su kaɗai suka rage masa tare da talakawan Dublin. Ya auri Katharine a Yunin 1891, abin da malaman Katolika suka ɗauka ƙarin laifi ne. Kowane mako yana tsallaka teku tsakanin gidansa a kudancin Ingila da tarurruka a Ailan, ga ciwon da ya daɗe yana cinsa. Ranar 27 ga Satumba ya yi jawabi a Creggs cikin ruwan sama, ya kwanta, ya cika ranar 6 ga Oktoba a gidansa kusa da Brighton. Dublin ta fito ƙwanta da kwarkwata ta raka shi maƙabartar Glasnevin.

Waɗanda suka sayar da shugaba don su tsira da ƙawance ba su ga ribar cinikin ba. A zaɓen 1892 magoya bayansa suka tsira da kujera tara kacal, masu adawa da shi suka ci fiye da saba'in. Gladstone ya cika alkawari, ƙuduri na biyu ya tsallake majalisar wakilai a 1893, amma majalisar masu sarautar gado ta yi watsi da shi da ƙuri'a 419 a kan 41. Da Parnell yana nan ma, wannan katanga tana nan, kuma wannan ne ya sa ban yarda da masu cewa faɗuwarsa kaɗai ta hana Ailan mulkin kai a wancan ƙarni ba. Abin da faɗuwar ta cinye shi ne shekara tara na gaba da zage-zage, har sai 1900 da John Redmond ya sake haɗa ɓangarorin, da kuma amincewar matasa ga siyasar majalisa. An sa hannu kan dokar mulkin kai a 1914, yaƙin duniya ya sa aka jingine ta, a zaɓen 1918 kuma Sinn Féin ta ci kujera 73 ta share jam'iyyar da Parnell ya gina. Katharine ta rayu har 1921, ta rasu a Ingila 'yan watanni kafin a sa hannu kan yarjejeniyar da ta raba tsibirin da mulkin Landan, ban da gundumomi shida na arewa.