BABI NA UKU: SHIGAR MATA FAGEN TAKOBIN SEBA A GASANNIN DUNIYA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ire-iren takubban da ake wasa da su a gasa, wato foyil da efe da seba. Wannan babi zai dubi yadda mata suka sami shiga fagen na ukun, da dalilan da suka sa aka daɗe ana riƙe musu ƙofa, da kuma sauyin da shigar tasu ta kawo tsakanin ƙasashen da ke tashe a wasan. Muhimmancin batun shi ne, maza sun fara karawa da seba a gasar Olamfik tun ta farko a birnin Atina a 1896, amma mata ba su taka wannan dandali ba sai a 2004. Tazarar shekara 108 ke nan, kuma abin mamaki a birni ɗaya aka yi duka biyun.

3.1 Dalilan Jinkiri

Kafin a shiga tarihin, yana da kyau a tuna yadda seba ya bambanta da sauran. Foyil da efe takubban suka ne, da tsininsu kawai ake cin maki. Shi kuwa seba ana sara da kaifinsa, ana kuma suka da bakinsa, kuma daga ƙugu zuwa sama duk wurin bugu ne, har da kai da damatsa, ban da tafin hannu. Nauyinsa ba ya wuce giram 500, tsawonsa kuma ba ya wuce santimita 105. Asalinsa takobin barade ne, kuma wannan asali na soja ya bi shi har cikin zauren gasa. Malaman Italiya irin su Giuseppe Radaelli ne suka gyara dabarunsa a ƙarni na 19, sannan Italo Santelli ya koma birnin Budafes a 1896 ya raini makarantar da ta sa mutanen Hangari suka riƙe zinaren maza na ɗaiɗaiku a kowace gasar Olamfik daga 1924 zuwa 1964.

A irin wannan yanayi, hukumomin wasa sun ɗauki seba a matsayin kayan maza zalla. An bar wa mata foyil kaɗai, wanda ake gani ya fi sauƙi da natsuwa. Da shi suka shiga Olamfik a birnin Faris a 1924, inda Ellen Osiier ta ƙasar Denmak ta ci zinare, kuma sai a 1960 a birnin Rum aka ba su gasar ƙungiya. Efe ma sai a 1996 a Atlanta ya buɗe musu, inda Laura Flessel ta Faransa ta yi nasara. Hujjar da aka riƙa kafawa ita ce sara da gudu da karo sun fi ƙarfin mace. Idan aka dubi lamarin da idon basira, wannan hujja ba ta da ƙafar tsayawa, domin efe ya ɗara seba nauyi, nauyinsa kan kai giram 770, kuma duk da haka shi aka fara sakar wa mata. Al'ada ce ta yi aiki a nan fiye da ma'aunin ƙarfi.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya shafi shi kansa wasan. Seba ne na ƙarshe da aka haɗa da na'urar lantarki mai nuna bugu, a ƙarshen shekarun 1980, alhali efe ya samu tun 1936. Kafin nan da ido alƙalai ke yanke hukunci, abin da ya sa wasan ya yi ƙaurin suna wajen gardama da zargin son kai. Wasan da ke fama da gyaran gidansa ba shi da sukunin neman sababbin 'yan wasa.

3.2 Gasar Duniya ta Buɗe Ƙofa

Hukumar wasan takobi ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1913, ta sanya seban mata cikin jadawalin gasar duniya a birnin Seul a 1999. Yelena Jemayeva ta Azabaijan ce ta zama zakara ta farko, Italiya kuma ta ci gasar ƙungiya. A 2000 a Budafes Jemayeva ta maimaita, amma a gasar ƙungiya Amurka ce ta ɗauki kofin. Daga nan sai kambun ya riƙa yawo: Anne-Lise Touya ta Faransa a 2001, Tan Xue ta Sin a 2002, Dorina Mihai ta Romaniya a 2003.

Wannan yawo na kambu yana da ma'ana. A fagen maza, ƙasashen Turai 'yan ƙalilan sun gaji malamai da makarantu na shekaru aru-aru, wanda baƙo ba ya iya kutsawa cikin sauƙi. A fagen mata kuwa kowa daga tushe ya faro. Da yawa daga cikin 'yan wasan farko daga foyil suka sauya sheƙa, kuma ƙasar da ta yi saurin zuba kuɗi da malamai ita ta shige gaba, ko da ba ta da tarihi a wasan.

3.3 Atina, 2004, da Gurbin Nijeriya

Shiga Olamfik ba ta zo kyauta ba. Kwamitin Olamfik na duniya ya ƙi ƙara yawan gasannin takobi daga guda 10, saboda haka domin a sami wurin seban mata na ɗaiɗaiku, sai da aka cire gasar ƙungiya ta foyil ta mata a 2004. Wato an cire daga hannun mata aka mayar wa mata, gasannin maza guda 6 ba a taɓa ko ɗaya ba. Daga 2008 aka koma tsarin karɓa-karɓa, ana ajiye gasar ƙungiya ɗaya ta maza da ɗaya ta mata a kowane zagaye, wanda ya sa ba a yi ta seban mata a Landan a 2012 ba. Sai a gasar Tokiyo, wadda aka yi a 2021, aka cika gasanni 12.

A nan ne tarihin ya ratso ta Nijeriya. 'Yar wasa Jacqueline Esimaje ta sami gurbi daga yankin Afirka, amma Nijeriya ba ta tura ta Atina ba. Bisa ƙa'ida sai gurbin ya faɗa hannun wadda ta fi matsayi a jerin duniya cikin waɗanda ba su samu ba, wato Mariel Zagunis ta Amurka, mai shekara 19, wadda Sada Jacobson da ƙanwarta Emily suka riga suka sha gabanta a ƙasarsu. Zagunis ta je ta doke Tan Xue da maki 15 da 9 a karon ƙarshe. Wannan shi ne zinaren farko da Amurka ta ci a wasan takobi tun 1904. Ba za a ce da Esimaje ta je ita za ta ci ba, domin tazarar horo tana da yawa. Sai dai gurbin da wata ƙasa ta ga bai kai a yi masa ɗawainiya ba, da shi wata ta kawo ƙarshen jiran shekara 100.

3.4 Daga Bejin zuwa Faris

A Bejin a 2008 Amurkawa suka kwashe lambobin ɗaiɗaiku ukun: Zagunis zinare, Sada Jacobson azurfa, Rebecca Ward tagulla. Zagunis da Ward duk almajiran malami ɗaya ne, Ed Korfanty ɗan asalin Folan, a birnin Fotlan na jihar Oregon. Amma a gasar ƙungiya, wadda ake yi zuwa maki 45, Yukren ce ta doke Sin mai masaukin baƙi da 45 da 44, kuma Olga Kharlan mai shekara 17 ce ta yi saran ƙarshe.

Mulkin Zagunis ya ƙare a Landan a 2012. Tana gaba da 12 da 5 a karon kusa da na ƙarshe, Kim Ji-yeon ta Koriya ta Kudu ta farfaɗo ta ci 15 da 13, ta kuma wuce ta ɗauki zinare. Irin wannan juyin yana yawan faruwa a seba, saboda ana cin maki cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma idan hankalin ɗan wasa ya tashi babu lokacin da zai tattaro shi. Bayan nan zamanin Rasha ya zo: Yana Egorian a 2016, Sofia Pozdniakova a Tokiyo. Sofya Velikaya, wadda ta ci gasar duniya a 2011 da 2015, ta kai karon ƙarshe na Olamfik sau uku a jere, kuma duk ukun azurfa ta samu. A Riyo ne kuma Ibtihaj Muhammad ta zama Ba'amurkiya ta farko da ta yi gasar Olamfik sanye da hijabi, ta kuma sami tagulla tare da ƙungiyarta.

Afirka ma ta sa hannu, musamman ta arewa. Azza Besbes ta Tunisiya ta ci azurfa a gasar duniya ta 2017 a Jamus, Nada Hafez ta Masar kuma ta yi wasa a Faris a 2024 tana ɗauke da cikin wata bakwai, har ta ci karonta na farko.

Siyasa ta shigo fagen a gasar duniya ta 2023 a birnin Milan. Kharlan ta doke Anna Smirnova 'yar Rasha, sannan saboda yaƙin da ake yi a ƙasarta ta ƙi yin musafaha, ta miƙa takobinta a madadin hannu. Aka ba ta baƙin kati, aka kore ta daga gasar, a daidai lokacin da ake tara makin zuwa Olamfik. Shugaban kwamitin Olamfik na lokacin, Thomas Bach, ya ba ta tabbacin gurbi, hukumar wasan kuma ta janye dakatarwar ta sassauta dokar musafaha. A Faris a 2024 Manon Apithy-Brunet ta doke 'yar ƙasarsu Sara Balzer ta ci zinare, Kharlan ta sami tagulla, sannan ta jagoranci Yukren ta doke Koriya ta Kudu da 45 da 42 a gasar ƙungiya, Japan kuma ta zo ta uku.