Jorah Mormont da Mutanen da Ya Sayar

A cikin dubban shafukan da marubucin nan na Amurka, George R. R. Martin, ya zuba a jerin littattafansa na A Song of Ice and Fire, akwai wasu mutane da ba a taɓa faɗin sunayensu ba, ba a faɗi yawansu ba, ba a kuma sake jin ɗuriyarsu ba. Talakawa ne da aka kama suna farauta ba izini a ƙasar mai sarautar tsibirin Bear, can arewacin nahiyar Westeros. Mai sarautar, Jorah Mormont, bashi ya yi masa katutu. Maimakon ya miƙa su ga rundunar tsaron Katanga kamar yadda aka saba yi wa masu laifi, sai ya sayar da su ga wani dillalin bayi ɗan birnin Tyrosh. Cinikin ɗan Adam haramun ne a Westeros, hukuncinsa kisa. Eddard Stark, uban ƙasar Arewa, ya ɗauki takobinsa ya nufi tsibirin. Kafin ya isa, Jorah ya shiga jirgin ruwa da matarsa ya tsere.

Daga nan labarin ɗaya daga cikin fitattun tuɓaɓɓun 'yan sarauta na adabin almara na zamani ya faro. Tun fitowar littafi na farko, A Game of Thrones, a 1996, masu karatu da yawa ke kallon Jorah a matsayin mutumin da ya faɗi yake neman tashi, barde mai amana wanda ya wanke laifinsa da hidima. Shirin talabijin na HBO, wanda ya gudana daga 2011 zuwa 2019, ya ƙara kafa wannan fahimta a zukata. Amma duk wanda ya bi littattafan biyar da suka fito a tsanake zai tarar da wani mutum daban. Jorah na Martin yana neman a yafe masa, ya kuma sha wuya ƙwarai a kan wannan nema, sai dai kullum wurin masu mulki yake kai kokensa. Bai taɓa waiwayar waɗanda ya zalunta ba. Wannan giɓi shi ne ƙashin bayan halittarsa, kuma shi ne ya sa ta fi yawancin takwarorinta gaskiya.

Yadda ya faɗa cikin ramin yana da ban tausayi, kuma Martin bai ɓoye hakan ba. Jorah ya samu bardantaka ne saboda jarumtar da ya nuna a yaƙin Pyke, lokacin da aka murƙushe tawayen gidan Greyjoy. A gasar sukuwa da mashi da aka shirya a Lannisport don murnar nasarar, ya hango Lynesse Hightower, 'yar ɗaya daga cikin gidaje mafi arziki a kudu. Ya lashe gasar, ya nemi aurenta, aka ba shi. Sai ga amarya da ta tashi cikin daular Oldtown an kai ta tsibiri mai sanyi, inda fadar ma da gungumen itace aka gina ta. Jorah ya ɗauko mata mai dafa abinci daga garinsu, ya kawo mata makaɗi, ya gina mata jirgin ruwa, ya yi ta yawon gasa yana faɗuwa, ya ci bashi har wuya. Bayan sun gudu zuwa Lys, ya zama sojan haya, ita kuwa ta tare a gidan wani attajiri mai suna Tregar Ormollen ta zama ƙwarƙwararsa.

Shi da bakinsa ya ba Daenerys Targaryen, gimbiyar da ya koma yi wa hidima a gudun hijira, wannan labari a littafi na biyu, A Clash of Kings, na 1998. Abin lura shi ne yadda ya tsara shi. A bakinsa labarin soyayya ce da ta cinye mai ita. Mafarautan kuwa jimla guda suka samu a gefe, cikin jerin abubuwan kunya da ya ce ya aikata don kuɗi. Tun a littafi na farko an ji shi yana ɗora wa Eddard Stark alhakin rabuwa da duk abin da yake so, yana ambaton waɗanda ya sayar da kalmomin raini, kamar a ce ba su kai a kori ɗan sarauta daga gidansa saboda su ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani.

Matakin farko da ya ɗauka don komawa gida ma cin amana ne. Ya yi wa 'ya'yan gidan Targaryen mubaya'a a Pentos, alhali yana aika wa Varys, shugaban 'yan leƙen asirin Sarki Robert Baratheon, rahotonsu, bisa alƙawarin za a yi masa afuwa. Shi ya kai labarin cewa Daenerys na da ciki, labarin da ya sa Robert ya ba da umarnin a kashe ta. Gaskiya ne, da mai sayar da giya ya miƙa mata guba a kasuwar Vaes Dothrak, Jorah ne ya tare. Masu kare shi nan suke kafa hujjarsu: ga hanyar gida a buɗe, ya juya mata baya. Hujja ce mai ƙarfi, kuma ba daidai ba ne a raina ta. Mutumin ya bi wannan yarinya cikin jan hamada inda jama'arta suka yi ta mutuwa da ƙishirwa, ya yi faɗa dominta, ya ba ta shawarwarin da suka tsirar da ita ba sau ɗaya ba.

To amma a duba irin shawarwarin. Bayan mayaƙan Khal Drogo, mijin Daenerys, sun auka wa wani garin Lhazar, Jorah ya gaya wa Daenerys cewa ya shawarci mijinta ya kora kamammun zuwa Meereen, domin can bayi suka fi daraja, har yana lissafa mata farashin 'yan mata da ƙananan yara. A littafi na uku, A Storm of Swords, na 2000, shi ne ya ce a karkata jirage zuwa Astapor a sayi Unsullied, wato rundunar bayi da aka dandaƙe tun suna yara aka horar da su da azaba. Dabarar juya rundunar, mai mayaƙa sama da 8,000, kan iyayen gijinta da 'yanta ta, daga Daenerys ta fito. Mutumin da cinikin bayi ya raba da ƙasarsa yana tsaye a gefen mai karya sarƙoƙi, amma da idon ɗan kasuwa yake kallon lamarin. Soyayyarsa ta sauya alƙibla, daga Lynesse zuwa wata mai kama da ita, kamar yadda shi kansa ya amsa. Ma'aunin da yake auna rayukan talakawa da shi bai motsa ba. Kuma littattafan ba su sassauta wa wannan soyayya ba: shi ya haura arba'in, ita kuwa shekarunta 13 lokacin da labarin ya fara, kuma ta lura da yadda yake ƙoƙarin sa ta zargi duk namijin da ya matso kusa da ita.

Wurin da Martin ya fi fito da manufarsa fili shi ne zaman shari'ar Meereen. Mutum biyu ne suka tsaya gaban sarauniya, kowa da laifin yaudara: Barristan Selmy, tsohon barden da ya ɓoye sunansa, da Jorah da asirinsa ya tonu. Ta tura su duka biyu ta magudanar ƙazantar birnin su buɗe wa rundunarta hanya, suka kuma yi nasara. Barristan ya amsa laifinsa ba kwana-kwana, ya miƙa wuya ga duk hukuncin da ta ga dama, aka yafe masa. Jorah ya zo da fushi da kare kai, yana lissafa alheran da ya yi, yana magana kamar yafiya bashi ce da ake bin sarauniya. Daenerys ta shiga zaman da niyyar yafe masa. Yanayin maganarsa ne ya sa ta kore shi.

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan bambanci. A karatun zaure an san sharuɗɗan tuba kamar yadda Imam Nawawi ya jero su a Riyadus Salihin: barin laifin, nadama a kansa, da ƙudurin ba za a koma ba, idan kuwa laifin ya shafi haƙƙin wani mutum, sai an ƙara da na huɗu, wato sauke haƙƙin ko neman mai shi ya yafe. Martin bai rubuta littafinsa da wannan ma'auni ba, amma ma'aunin yana haska abin da ya gina. Takardar afuwa daga Robert za ta mayar wa Jorah da fadarsa. Murmushin Daenerys zai mayar masa da matsayinsa. Babu ɗaya daga cikinsu da yake da ikon yafe abin da aka yi wa mafarautan tsibirin Bear, domin ba shi aka sayar ba.

Kwatanta shi da wasu na ƙara fito da wannan. Boromir na J. R. R. Tolkien, a The Lord of the Rings da aka fara bugawa a 1954, ya yi yunƙurin ƙwace zoben daga hannun Frodo, nan take ya gane abin da ya yi, ya mutu yana kare abokan Frodo biyu, kuma kafin ransa ya fita ya faɗa wa Aragorn laifinsa da kansa. Tsakanin faɗuwa da tashi 'yan sa'o'i ne. Jaime Lannister kuwa, a cikin duniyar Martin ɗin, al'amarinsa a juye yake: an yi masa tambarin mai kashe sarki saboda aikin da ya ceci birni guda daga ƙonewa, sai bayan an sare masa hannun takobi ya fara tambayar kansa wane ne shi. Martin ya ba Jaime babi-babi nasa na kansa, mai karatu na jin tunaninsa. Jorah bai samu ko ɗaya ba. Ta idon Daenerys ake ganinsa, daga baya ta idon Tyrion Lannister, ƙanen Jaime, don haka ayyukansa kaɗai ne shaida, kuma babu wata nadamar zuci da za a kawo a cike giɓin da ita.

Akwai wata ƙofa da ta kasance a buɗe tun farko. A Westeros, duk wanda ya sa baƙaƙen kaya ya shiga rundunar tsaron Katanga, an shafe laifinsa na baya, amma ya rabu da sarauta da aure da gado har abada. Mahaifin Jorah, Jeor Mormont, shi ne shugaban rundunar; ya bar wa ɗansa kujera tun da ransa ya tafi can. Abu guda na mutunci da Jorah ya yi a ranar gudunsa shi ne barin Longclaw, takobin gado na shekara 500, wanda tsohon ya ba Jon Snow, wani matashi ɗan rundunar, daga baya. Da 'yan tawaye suka soke Jeor a gidan Craster, wasiyyarsa ga Samwell Tarly, ɗaya daga cikin mutanensa, ita ce a gaya wa ɗansa ya yafe masa, kuma ya shiga rundunar. Uban ya fahimci abin da ɗan ya kasa gani: hanyar da ta rage masa ita ce wadda ba ta mayar masa da komai.

Shirin talabijin ya zaɓi wata hanya. Iain Glen ya fito da Jorah mai taushin murya da kamun kai, wanda kallo ɗaya ya isa a tausaya masa. Marubutan shirin sun ɗora masa cutar fata mai mayar da jiki kamar dutse, wadda a littafi wani ɗan sarauta ne daban, Jon Connington, ya kamu da ita. Samwell ya warkar da shi, Daenerys ta karɓe shi, Jon ya miƙa masa Longclaw ya ƙi karɓa, sannan a 2019 ya mutu a yaƙin Winterfell yana kare sarauniyarsa. Ƙarshe ne mai taɓa zuciya, kuma irin na Boromir ne sak. Sai dai an sayi wannan daɗi da tsada, domin an mayar da ciwo da mutuwa kuɗin fansa, an bar tambayar haƙƙi ta bi ruwa. Mai kallo zai iya gama shirin ya manta da dalilin da ya fitar da mutumin daga gida.

Littafi na biyar, A Dance with Dragons, na 2011, bai yarda a manta ba. Jorah ya sace Tyrion a Selhorys, ya sa masa mari, da nufin kai shi kyauta ga Daenerys. Wato har yanzu ɗan Adam ne kuɗin da yake son sayen hanyarsa da shi. A teku 'yan farautar bayi suka kama jirginsu. Aka kulle shi a keji, aka yi ta dukansa, aka yi masa tambarin fuskar shaiɗan a kunci, alamar bawa mai taurin kai, aka tsayar da shi a dandalin gwanjo a wajen ganuwar Meereen. Tyrion, wanda ya sha mari a hannunsa, shi ya yi dabarar da ta sa aka saye su tare aka kai su gidan Yezzan zo Qaggaz. Yanzu ya san abin da ya jefa mafarautan nan a ciki, ya san shi a fatar jikinsa. Duk da haka, a shaidar Tyrion, abin da ya karya masa zuciya shi ne jin cewa Daenerys ta yi aure.

Bayan annoba ta kama ubangijinsu, sun gudu sun shiga rundunar sojan haya ta Second Sons, wadda ke yaƙi da Meereen a ɓangaren masu bayi na birnin Yunkai. A ganinsa na ƙarshe a littafin, Jorah yana cewa ɓangarensu ya riga ya faɗi yaƙin, kuma dalilan da ya kawo na lissafin yaƙi ne: Meereen na da Unsullied, tana da dodanni masu aman wuta, sarauniyar da ta ɓace za ta dawo, manyan Yunkai kuwa kansu a rarrabe yake. Dubban bayin da ya baro a sansanin, waɗanda ya kwana cikinsu da sarƙa a wuya, ba su shiga lissafin ba. Littafi na shida, The Winds of Winter, bai fito ba, Samwell yana Oldtown da wasiyyar da bai isar ba, Jorah kuwa ya sa hannu a kundin Second Sons a ƙarƙashin Brown Ben Plumm, mutumin da shi ma ya ci amanar Daenerys.