Daga bindiga zuwa kamara: masu hoton tsuntsaye a bakin kogin Dee

A inda kogin Dee yake zuba cikin teku, tsakanin ƙasar Ingila da yankin Wales, akwai wani ɗan tsibiri mai suna Hilbre. Idan teku ta janye, mutum kan taka da ƙafa daga garin West Kirby zuwa can, tafiyar kusan kilomita 3 bisa yashi. Idan ta ciko kuwa, sai ruwa ya rufe laka inda tsuntsaye suke kiwo, su taru bisa duwatsu kamar an zuba tsaba. A lokacin hunturu, tsuntsayen ruwa fiye da dubu 100 ne suke sauka a wannan mashiga, wasunsu daga Girinlan da arewacin Kanada.

A ƙarni na 19, mai son sanin tsuntsu bindiga yake ɗauka. Yakan harbe shi, ya cushe fatarsa, ya ajiye a akwatin gilashi, yayin da fatake suke sayar da gashinsa domin adon hulunan mata. Wannan ɓarna ce ta sa aka kafa ƙungiyar RSPB a shekara ta 1889.

Sai ga ƴan'uwa biyu, Richard da Cherry Kearton, waɗanda a 1895 suka buga littafi a kan sheƙunan tsuntsayen Birtaniya, da hotuna zalla maimakon zane. Kamar yadda maharbi yake ɗaura kan burtu don ya kusanci dabba, haka suka shimfiɗa fatar sa bisa katako, ɗayansu ya shige ciki da kamararsa. Daga irin wannan dabara bukkar ɓuya ta zama kayan aikin mai hoto.

Eric Hosking (1909-1991) ne ya kai sana'ar matsayin girma. A 1937 mujiya ta kai masa hari, ya rasa idonsa na hagu, amma bai bar aikin ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ya riƙa zuwa Hilbre, wani lokaci tare da Lord Alanbrooke, tsohon babban hafsan sojan Birtaniya. Sukan kafa bukka kafin ruwa ya ciko, su zauna sa'o'i cikin iska mai sanyi ba motsi, domin tari ɗaya ya isa ya tashi garke duka, ya ɓarnatar da ƙarfin da tsuntsayen suka tara don tsallake hunturu.

Irin waɗannan hotuna sun nuna wa jama'a cewa lakar da suke rainawa rumbu ne ga halittu masu ƙetare nahiyoyi. A 1971 aka sa hannu kan yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi, a 1985 kuma aka shigar da mashigar Dee cikin jerinta. Tsuntsun da kakanni suka sani a mace cikin gilashi, jikoki sun san shi da rai, a bakin ruwansa.